Tsadar Mai da Murhun Mace: Jawabin Shugabar Mata ga Matan Jega, Aliero da Maiyama

Ga jawabin da Hajiya shugabar mata ta gabatar a zamanmu na wanga wata. An rubuta shi ne don waɗanda ba su samu halarta ba. Wadda ta iya karatu ta taimaka ta karanta wa maƙwabciyarta.



Iyayena mata, yayyena da ƙannena, shugabannin mata na mazaɓu, sannunku da zuwa, sannunku da hanya. Na san abin da kowace ta biya kafin ta iso nan. Wadda ta taso daga Maiyama ta san kuɗin mota, wadda ta hau kabu-kabu daga ƙauye ta san yadda anka yi ciniki da ita. Allah ya saka muku da alheri, ya mayar da kowa gidanta lafiya.

Maganar da zan yi yau wata ɗiyarmu ce ta jawo ta. Tana karatu a jami'ar nan ta Aliero. Ta same ni gida ta ce: "Inna, malaminmu ya ce tsadar man fetur alheri ce ga muhalli, don in mai ya yi tsada mutane za su rage ƙona shi, hayaƙi ya ragu, zafin duniya ya ragu. Gaskiya ne?" Wallahi da farko raina ya ɓaci, don a ranar nan na dawo daga wurin niƙa an ƙara mini kuɗi. Amma na haɗiye, na ce mata ki ba ni kwana biyu. Na yi tambaya, na saurara, na kuma duba abin da idona ya gani a garuruwanmu. Amsar da na ba ta ita na kawo muku, domin lokacin siyasa in ya zo za ku ji wagga magana a bakin manya, kuma ban so a same mu ba mu da ta cewa.

Bari in fara da ba masu maganar haƙƙinsu, don mu ba mu saba yanke hukunci da jin ɓangare ɗaya ba.

Gaskiya ne hayaƙin da ke fita daga mota da janareta da masana'antu yana taruwa a sama yana riƙe zafi, kamar yadda bargo ke riƙe ɗumin jiki. Shi ne ake kira ɗumamar yanayi. Mu nan ba sai an kawo muna littafi ba. Mun ga damina tana makara, in ta zo kuma ta zo da hauka. Ba mu manta ambaliyar 2020 ba, wadda ta kwashe shinkafar fadamun jihar Kebbi tana dab da nuna, har da gidaje da gadoji, kuma Jega na cikin wuraren da ta taɓa. Mun ga yadda zafin bazara ke hana tsofaffinmu barci. A taron duniya kan sauyin yanayi da anka yi a birnin Glasgow a 2021, ƙasashe sun yarda a riƙa janye tallafin da ake zubawa kan man fetur da danginsa, kuma a can ne Najeriya ta yi alkawarin daidaita hayaƙin da take fitarwa nan da shekarar 2060.

Gaskiya ne kuma tallafin mai ya ci kuɗi. A 2022 kaɗai ya laƙume sama da naira tiriliyan 4. Wa ya fi cin moriyarsa? Mai motoci biyar da janareta mai kwana a kunne ya fi mai tallar ƙosai shan man nan nesa ba kusa ba. Sannan mu 'yan Kebbi mun san inda wani kaso na man ke bi. Muna da iyaka da Nijar, muna da iyaka da Benin. Sai da ta kai a 2019 gwamnati ta hana kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga bakin iyaka saboda fasa-ƙwauri. Bayan cire tallafi, hukumar da ke kula da harkar mai ta ce abin da ake fitarwa a rana ya sauko daga sama da lita miliyan 60 zuwa ƙasa da miliyan 50. To, ta wanga gefe, malamin ɗiyarmu bai yi ƙarya ba.

Yanzu sai mu shigo cikin gida, inda lissafinsu bai leƙa ba.

Ranar 29 ga Mayu, 2023, a jawabinsa na kama aiki, Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cewa tallafin mai ya ƙare. Cikin kwana biyu lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500. A watan Yuli ta haura 600. Zuwa Oktoban 2024 ta tsallake naira 1,000 a wurare da dama. Ta ɗan sauko daga baya, amma ba ta ko kusanci inda ta taso ba. A tsakanin nan darajar naira ta faɗi, gas ɗin girki ya kusa ninka kuɗinsa. Kananzir kuwa tun kafin nan ya fi ƙarfin talaka, lita ta wuce naira 1,000, risho ya koma kayan ado a bayan gado.

Ina tambayarku, ku da kunka sayi tukunyar gas da kuɗin adashi shekarun baya: ina tukunyar take yanzu? Na ga kuna dariya. Tawa ma tana nan bayan ƙyaure, na ɗora mata kwando. Mun koma kurfoti da gawayi. Wadda ba ta iya sayen gawayi ta koma icce. Wadda icce ya fi ƙarfinta ta koma kara da kashin shanu, abin da ya kamata ya koma gona ya zama taki. Har leda da tsohon takalmi na ga ana hura wuta da su, yara na zaune kusa suna shaƙa.

Mai mota in mai ya yi tsada yana iya ajiye motarsa ya rage yawo. Mace ba ta iya ajiye tukunya. Ko lita ta kai nawa, sai an ɗora tuwo da dare. Don haka hayaƙin da anka rage a bakin titi, wani sashensa ya dawo madafarmu, ya shige idonmu da ƙirjinmu da na goyon da ke bayanmu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin girki na cikin gida yana kashe mutum kimanin miliyan 3 kowace shekara a duniya, kuma mata da ƙananan yara ne sunka fi shaƙarsa, don su ke zaune bakin murhu. Tarin da ba ya jin magani, idon da ke zubar ruwa, ciwon haƙarƙarin da ke kwantar da jarirai lokacin hunturu, da yawansu daga nan suke.

Sannan ku dubi daji. Duk wadda ke bin hanyar Jega zuwa Koko ta ga buhunan gawayi jere a bakin titi. Gawayin nan ba daga sama ya faɗo ba. Ƙirya ce anka sare, marke ne, wani lokaci har kaɗe da ɗorawa, itatuwan da iyayenmu ba su yarda a sa musu gatari ba saboda man kaɗe da daddawa. Maƙeranmu sun fi kowa sanin darajar gawayin ƙirya, ku tambaye su yadda samunsa ya zama yau. Iccen da ya shekara talatin yana girma, a yini ɗaya ake kayar da shi, a mako ɗaya a ƙone shi. Ni ban zargi yaron da ke wagga sana'a ba. Shi ma tsadar ce ta kore shi daga kabu-kabu, ya ga gawayi na da kasuwa. Amma jihar Kebbi na cikin jihohi 11 da gwamnatin tarayya ta sa a sahun gaba wajen yaƙi da kwararowar hamada, inda ake aikin babbar katangar itatuwa ta Afirka. Ana dashe da hannun dama, yunwar makamashi na sara da hannun hagu. An yi gudun gara an faɗa gidan zago ke nan.

Mu leƙa fadama. Arzikin wanga yanki noman rani ne. Albasar Aliero ta yi suna har wajen Najeriya. Shinkafarmu ce ta sa a watan Nuwamba na 2015 anka zo Birnin Kebbi aka ƙaddamar da shirin ba manoma rance na Babban Banki. To, da me ake ban-ruwa? Da injin da ke shan fetur. Manomi ba ya iya ce wa albasa ta yi haƙuri da ƙishirwa sai mai ya sauko. Ko dai ya saya da tsada wurin 'yan bumburutu, ko ya rage faɗin gonar. Wasu sun juya injinsu ya koma aiki da tukunyar gas, gas ɗin ma ya bi sahu. In gona ta ragu, wa ke fara ji? Matan da ke zuwa dashe da cira, matan da ke gyaran albasa, masu turara shinkafa, masu sayar da abinci a bakin gona da kasuwar Jega. Kuɗin da mace ke samu ta saya wa ɗiyanta sabulu da littafi, shi ke fara ƙafewa.

Abin da na ce wa ɗiyar nan tamu shi ne: ƙarin kuɗin mai rabin magani ne. In za ka rufe wa mutum ƙofa, sai ka buɗe masa wata. In ba ka buɗe ba, zai fasa katanga, kuma katangar da muke fasawa ita ce dajinmu.

Ba mu kaɗai anka gwada wa wanga abu ba. A Faransa, ƙasar masu kuɗi, gwamnati ta ƙara haraji kan mai da sunan kare muhalli. A watan Nuwamba na 2018 mutanen karkara da ƙananan ma'aikata, waɗanda ba su da jirgin ƙasa ko bas a ƙofar gida, sunka fito kan tituna da riguna masu ruwan ɗorawa. Kafin shekara ta ƙare gwamnati ta janye ƙarin. Mu ma nan mun tuna Janairun 2012, lokacin da lita ta tashi daga naira 65 zuwa 141, ƙasa ta tsaya cik, sai da anka mayar da ita 97.

Amma akwai inda anka yi abin da tsari. Indunusiya ƙasa ce ta Musulmi masu yawa, kuma matansu da kananzir suke girki, gwamnati na biyan tallafi mai nauyi. Da sunka so janye shi, daga 2007 sai sunka fara bi gida-gida suna raba ƙaramar tukunyar gas mai kilo 3 da kan murhunta kyauta. Gidaje sama da miliyan 50 sunka samu. Sai da mace ta riƙe sabon murhu a hannunta sannan anka janye kananzir daga unguwarta. Kun ga bambanci? Su sun fara da madafa. Mu an fara da gidan mai, madafa na jiran tsammani.

Ba ina cewa ba a yi komai ba. An sanar da shirin motoci masu aiki da iskar gas. An sanar da ba kowace jiha naira biliyan 5 na rage raɗaɗi a watan Agustan 2023. An yi shelar ba gidaje miliyan 15 naira 25,000 har wata uku. A 2024 majalisar zartarwa ta tarayya ta amince da manufar girki mai tsabta ta ƙasa. Duk an yi su a takarda, wasu kuma sun sauka ƙasa. Tambayar da ta dace da mu ita ce: nawa ne ya iso mazaɓarki? Mace nawa kika sani da hannunta ya taɓa? Buhun shinkafar tallafi mako biyu yake yi ya ƙare, kuma da icce za a dafa shi.

Ga inda siyasarmu ta shigo. Tun da anka cire tallafi, kason da jihohi da ƙananan hukumomi ke karɓa daga asusun tarayya ya ƙaru ƙwarai. Ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa kuɗin ƙananan hukumomi nasu ne, a ba su kai tsaye. Kuɗin nan daga ina sunka fito? Daga aljihunki, ranar da kika biya ƙarin kuɗin niƙa da na mota. Saboda haka in kin tambayi kansila ko shugaban ƙaramar hukuma abin da anka yi da su, ba roƙo kike ba. Kuma wagga tambaya ba ta da jam'iyya. In namu ne ke kan kujera, mu ya kamata mu fara gaya masa gaskiya tun kafin 'yan hamayya su gaya masa a bainar jama'a. In ba namu ba ne, mu tambaye shi da ladabi, mu rubuta amsarsa mu ajiye.

Mu mata mu ke cika layi ranar zaɓe, tun da hantsi har rana ta take. An saba a sallame mu da atamfa da sabulu da taliya. Ban ce ku ƙi karɓa ba. Amma wanga karo, duk ɗan takarar da ya zo neman ƙuri'armu, tun daga zaɓen fid da gwani, ga buƙatu huɗu da nike so mu haɗa baki a kansu.

Na ɗaya, murhu. Muna son shirin da zai sa tukunyar gas ƙarama ko murhu mai tsimin icce a hannun mata, kyauta ga marasa ƙarfi, bashi mai sauƙi ga masu sana'a. A fara da masu tuyar ƙosai da masa, masu abincin sayarwa da masu turara shinkafa, don su ke cin icce da yawa. A kuma ba maƙeranmu da maginan tukwane na gida aikin ƙera murhun, kuɗin ya tsaya a garinmu. In da hali a samu wurin ɗura gas a manyan ƙauyuka, don tukunyar da sai an kai ta birni kafin a cika ta, kuɗin mota ya cinye ribarta.

Na biyu, injin ban-ruwa mai aiki da hasken rana. Rana dai Allah ya hore muna ita, ba a sayenta a lita. Muna son a riƙa raba injunan nan ta hannun ƙungiyoyin manoma na gaskiya, a kafe sunayen waɗanda sunka samu a fili kowa ya gani, kuma a ware wa ƙungiyoyin mata kasonsu. Haka ma injin niƙa da na markaɗe.

Na uku, sufuri. A samar da motocin haya masu rangwame a ranakun kasuwa tsakanin Jega, Aliero, Maiyama da Birnin Kebbi, da kuma hanyar kai mai naƙuda asibiti ba tare da an tsaya cinikin mai da tsakar dare ba. Kowace a cikinmu ta san gidan da anka yi jinkirin fita da mai haihuwa saboda kuɗin mota.

Na huɗu, icce. Kowace ƙaramar hukuma ta rayar da wurin renon itatuwa, a ba ƙungiyoyin mata fili su dasa na girki, a kuma biya masu ban-ruwa da tsaro har dashen ya kama. Dashen da ake yi don ɗaukar hoto, awaki su cinye washegari, mun gaji da shi. A samar wa masu gawayi wata sana'a kafin a ce za a kama su.

Kafin su amsa, akwai abin da ke hannunmu. Zomo ba ya kamuwa daga zaune.

'Yan'uwanmu Hausawa na yankin Maraɗi a Nijar sun fi mu kusa da hamada, kuma sun ga fari mai tsanani a shekarun 1970 da 1980. Abin da ya taimake su ba wani abu ne mai tsada ba. Lokacin sharar gona, maimakon su tumɓuke duk tohon da ya fito daga tsohon kututture, sai su zaɓi masu ƙarfi biyu ko uku su bari, su sassabe sauran. Suna kiran abin sassaben zamani. Da haka gawo da sauran itatuwa sunka dawo a miliyoyin kadada na gonakinsu, matansu na samun iccen girki daga rassan da anka rage a gonar gida. Ku gaya wa mazanmu da ɗiyanmu maza wanga bana. Ba ya buƙatar ko sisi.

A cikin gida kuma, mu kewaye murhu da laka don iska ta daina kwashe wuta. Mu jiƙa wake tun dare. Mu rufe tukunya. Mu bar icce ya bushe sosai kafin mu sa shi, ɗanye hayaƙi ne kawai. Kada mu hura wuta da leda ko roba. Mu fitar da girki inda iska ke wucewa, mu sauke goyo mu ba wata ta riƙe in za mu daɗe bakin wuta. Kuma don Allah, lokacin sanyi kada a kwana da gawayi a ɗaki rufe, yana kisa ba tare da an ji ba. Masu turara shinkafa, ɓuntun da ke tsibi a bayan injin casa makamashi ne, akwai murhun da ake ƙerawa don shi, mu nemi a koya muna. Masu adashi, ku gwada zagaye ɗaya na murhu, kowace ta kwasa ta sayi mai tsimi. Kowane gida kuma a dasa ko da zogale ne da dogon yaro ɗaya. Malamanmu sun karantar da mu cewa dashen icce sadaka ce mai gudana.

Ga aikin da nike ba shugabannin mata na mazaɓu. Kafin zamanmu na gaba, kowace ta zaga gida ashirin a mazaɓarta. Ki tambayi uwargida abu uku: da me kike girki kafin 2023, da me kike girki yanzu, nawa kike kashewa a mako? Ki rubuta a littafi, ba sai kin sa sunan kowa ba. Wadda rubutu ke ba wahala ta turo da murya a wanga zaure, sakatariya za ta rubuta. In mun haɗa na Jega da na Aliero da na Maiyama, za mu ɗauka mu kai wa shugabannin jam'iyya da zaɓaɓɓunmu hannu da hannu. In munka je da baki kawai za a ce ƙorafin mata ne. In munka je da lissafi, dole a ba mu kujera a saurare mu.

Ita kuwa ɗiyar tamu, na ce ta koma ta gaida malaminta da kyau, ta ce masa Inna ta yarda da rabin maganarsa. Sauran rabin, in yana so, ya zo gidana da magariba lokacin da ake tuƙa tuwo, ya zauna bakin murhu minti goma, sai mu ƙarasa.

Allah ya sauƙaƙa muna wagga rayuwa, ya ba mu damina mai albarka, ya tsare mu daga ambaliya da fari. Allah ya ba shugabanninmu ikon yin adalci, ya ba mu zaman lafiya a jihar Kebbi da Najeriya baki ɗaya. Abin da na faɗa daidai Allah ya amfane mu da shi, inda na yi kuskure ku yafe mini.